Kawu ya ce "to ina zanen?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce ina karatun zane-zane, ajin ƙarshe. Satin da ya wuce muka baje kolin ayyukanmu a makaranta, na kai zane huɗu, babu mutum babu dabba a ciki, launuka ne kawai da layuka, ja da baƙi da ruwan ƙasa, sai wani guda da na haɗa da tsohuwar sarƙar babur da guntayen rodi, mai walda ya taya ni liƙawa. Wallahi wata uku ina kansu. Kawuna ya zo ya tsaya ya karkata kai ya ce "to ina zanen?", wata ta tambaye ni ko fenti ne ya zube, wani ma cewa ya yi wai na ƙarfen nan gunki ne. Ko ɗaya ba a saya ba. In koma zana fuskokin mutane kawai kamar sauran ƴan ajinmu?
Ɗaliba daga Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanwata. Ki yafe ni, sai da na dara a maganar kawu. Amma ki tuna rigar da ya sa ranar, in babbar riga ce mai aska takwas to ki tambaye shi cikin ladabi hoton me ke ƙirjinsa. Ba mutum, ba doki, zare ne kawai aka murɗa aka lanƙwasa, kuma ya zuba kuɗi ya saya bai taɓa cewa a yi masa bayani ba. Haka dagi, haka adon da magina ke yi a fuskar zaure, haka zayyanar allon sauka da ƙwaryar da aka sassaƙa wa amarya. Turawa suna lissafin fara irin wannan zanen nasu daga wajen 1910, zamanin su Kandinsky, wani mai zane ɗan Rasha, mu kuwa mun daɗe muna sa shi a jiki, sai an rataya shi a bango cikin firam ne yake zame mana baƙo.

Ke ma da naki laifin fa. Ina kyautata zaton da Turanci kika rubuta sunayen zanen, irin dogon Turancin nan na aji, sannan kika koma gefe kika naɗe hannu kina jiran yabo. A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya don a riƙa haɗa abin da aka koya musu a aji da adon gida, har ake ce musu ƴan tawaye. Ki yi koyi da su. Sa wa zanen suna da Hausa, in jan nan na ƙasar ganuwa ne ki faɗa, ki tsaya kusa da shi, wanda ya ce mene ne wannan ki ce "Baba kai me ka gani?" Za ki sha mamakin abin da tsofaffi za su faɗa miki.

Batun gunki, tunda kin ce babu siffar mai rai a jiki, ɗauki hotonsa ki kai wa malamin da kika yarda da shi ki ji, ni ba malama ba ce.

Ciniki kuma, wa ke zuwa bajekolin makaranta da kuɗin sayen zane? Iyaye ne suka zo ganin ƴaƴansu su ɗau hoto. Ki zana fuskokin in sun kawo kuɗin fenti, ba abin kunya ba ne, amma kar ki bari a kai na sarƙar babur ɗin nan wajen ƴan gwangwan, ki turo min hotonsa ina son gani.