Mahaifina ya rasu a asibitin Ingila, dole ne in bi ta ofishin masu makoki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya zo mana ziyara daga Kano, jiya da dare Allah ya yi masa rasuwa a wani asibiti a Birmingham. Ma'aikaciyar jinya ta ba ni ɗan littafi da lambar wani ofishi, wai Bereavement Office. Ni ba lallashi nake nema ba, so nake mu yi masa sutura yau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Dole ne, ɗan'uwa. Kada sunan ya ruɗe ka, babban aikin ofishin nan takardu ne, kuma asibiti ba ya sakin gawa sai sun kammala.

Buga musu waya tun da sassafe, kada ka taka da ƙafa tukuna, don galibi sai sun ba mutum lokaci suke ganinsa. Maganarka ta farko ita ce mamacin Musulmi ne, kuna buƙatar a gaggauta. Sun saba jin haka, amma in ba ka faɗa ba, layi za ka bi kamar kowa.

Tun 9 ga Satumba 2024, a Ingila da Wales, bayan likitan da ya kula da Baba ya rubuta dalilin rasuwa, sai wani babban likita daban ya duba. Zai kira ka ya tambaya ko akwai abin da bai kwanta muku ba game da jinyar. Ka ɗauki wayar nan, ko da lambar baƙuwa ce. Na sha ganin jana'iza ta kwana saboda rashin ɗaukar ta. Daga nan takarda ta wuce ofishin rajistar mutuwa na ƙaramar hukuma, inda doka ta ba ku kwana 5 ku yi rajistar rasuwar. Su ne za su ba ka koriyar takardar izinin binnewa, ka miƙa wa masu jana'iza na masallaci.

Inda ake samun tsaiko shi ne rasuwar fuju'a, ko wadda ba a san dalilinta ba. Sai maganar ta koma hannun jami'in binciken mutuwa, yana iya umartar a yi binciken gawa. A wasu yankuna ana yarda da hoton na'urar CT maimakon tiyata, ka roƙa. Idan kuma dangi sun matsa a kai shi gida, wannan jami'in ne mai ba da izinin fitar da gawa daga ƙasar, kuma ana sanar da shi kwana 4 kafin tafiya. Ni dai shawarata a binne shi inda ajali ya same shi.

Lallashin da ka ce ba ka nema, bar shi a aljihu. Ka ce a haɗa ka da limamin asibiti, ka kuma riƙe lambar ƙungiyar Cruse da ke cikin ɗan littafin, kyauta suke sauraron masu makoki. A Kano da gida zai cika da masu ta'aziyya. A Birmingham, bayan kwana uku kowa ya koma bakin aikinsa.