An Saka Ni a Kwamitin Binciken Ƙanjamau, Mene ne Aikina?

Tambaya: Assalamu alaikum. An gayyace ni kwamitin al'umma mai ba masu gwajin maganin kariya daga ƙanjamau shawara. Ni ba likita ba ce, me zan tsinana musu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki karɓa, sanin jama'a ake nema wurinki. A 2004 an dakatar da gwajin tenofovir, wani maganin ƙanjamau da ake gwadawa don kariya, a Kambodiya, a 2005 kuma a Kamaru, bayan koke-koken cewa ba a saurari jama'a ba. A 2007 UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, da AVAC, wata ƙungiya mai fafutukar kariya daga cutar, suka fitar da ƙa'idojin tafiya tare da al'umma.

Ki nemi tsarin gwajin tun ana iya gyara shi. Takardar amincewa kuwa, wadda mai shiga gwaji ke sa wa hannu, a nan za ki daɗe. Ki karanta wa wanda bai yi boko ba, ya maimaita miki da bakinsa. Idan gwajin na da ƙwayar da babu magani a cikinta, ya gane ita za ta iya faɗo masa? In bai gane ba, zai saki jiki ya bar kwaroron roba. Ki tambaya: wanda ya kamu ana tsakiyar gwaji, wa zai ba shi magani, har yaushe? Jinin da ake ɗiba cokali nawa ne, ina ake kai shi? Rashin wannan amsa ke haifar da jita-jita.

Motar asibiti mai tambari a ƙofar gida tana tona asiri, ki hana. Kada ki yarda a mayar da ke mai farautar mahalarta. Amincewa da gwaji aikin kwamitin ɗa'a ne, wato masu duba kare haƙƙin mahalarta, ba naku ba, sunayen mahalarta kuma ba a nuna muku.