Shin 1,000,001 lambar firaim ce?

Ka tambaya ko 1,000,001 tana cikin lambobin firaim, waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu. A'a, ba ta ciki. Lissafa 101 sau 9,901, ita za ka samu cif. Firaim ta farko bayan miliyan ɗaya ita ce 1,000,003.

Abin da na ga yana yaudarar ɗalibaina shi ne su gwada 2, 3, 5, 7, 11, su ga babu wadda ta shiga, sai su yanke hukunci. Kada ka tsaya nan, malam. Kafin ka kira lamba mai wannan girman firaim, sai ka gwada duk firaim da ke ƙasa da 1,000, guda 168, tunda 1,000 sau 1,000 ne miliyan. Ita 101 ɗin ce ta 26 a jerin.