Amsa: yaushe ake zuba furen hof don giyar ta yi ƙamshi?

Ka ce kai da abokinka za ku dafa lita 20 na IPA, wato giyar da ake zuba wa hof da yawa, a gida, kuna son ƙamshin hof, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ya cika kofi, shin a juye shi duka tun farkon tafasa? A'a, ɗan'uwa. Wanda aka zuba da farko ya tafasa minti 60 ɗaci yake bayarwa, man da ke ɗauke da ƙamshin kuwa tururi ke tafiya da shi. Giram 25 zuwa 30 ya isa a farkon tafasa. Ku zuba wani bayan kun kashe wuta, sannan kaso mafi tsoka, kamar giram 120 na hof irin Citra ko Mosaic, ya shiga lokacin da yis ya kusa gama aikinsa, ya kwana uku ko huɗu.

Sharaɗi ɗaya: ku kiyaye giyar daga iska. Na ga giyar da ta fito rawaya tas tana ƙamshin mangwaro, amma saboda yawan buɗe murfi ana leƙawa, cikin 'yan makonni ta yi duhu, ƙamshin ya gudu. Ku buɗe sau ɗaya, ku zuba, ku rufe nan take. Wajen ɗurawa a kwalba ma a sa bututu ya kai ƙasa, kada ta fantsama.