Tambaya da Amsa: Mece ce ma'anar kalmar sandbox?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan cin karo da kalmar sandbox a bayanan kwamfuta da na bankuna, amma na kasa gane abin da ya haɗa su. Ina neman ƙarin haske. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kalmar ta Turanci ce, kuma asalinta akwati ne ko ɗan fili da ake cika da yashi domin yara su gina su rushe ba tare da sun ɓata tsakar gida ba. Masana kwamfuta sun ari sunan suka laƙaba wa keɓantaccen wurin da ake killace manhaja, ta yadda ko da tana ɗauke da cuta ba za ta iya taɓa sauran bayanan na'urar ba. Manhajar Chrome, wadda ta fito a 2008, tana killace shafukan intanet ta wannan hanya, haka nan wayoyin Android suna ware kowace manhaja daga 'yar'uwarta, abin da ya sa take neman izininka kafin ta buɗe hotunanka.

A harkar kuɗi kuwa, tsari ne da hukuma ke ba sababbin kamfanoni damar gwada fasaharsu ga mutane ƙalilan a ƙarƙashin sa ido. Birtaniya ta fara shi a 2016, Babban Bankin Nijeriya ya fitar da ƙa'idojin nasa a 2021. A ganina, "killataccen fagen gwaji" ita ce fassarar da ta fi dacewa da ma'anonin biyu.