Dalilin da ya sa ake kaɗa su maimakon a ajiye

Malam, ka tambayi dalilin gyara kayan kiɗan Yahudawan da 'yan Nazi suka hallaka ana kaɗa su, maimakon a kulle su a gidan tarihi. Amnon Weinstein, mai gyaran goge irin na Turawa a Tel Aviv, wanda ya rasu a 2024, ya shafe shekaru yana tattara su, kuma wasu daga cikinsu fursunoni ne suka kaɗa su bisa tilas a sansanoni irin su Auschwitz. A ganina, gogen da aka rataye shiru katako ne kawai. Shi ya sa aka kaɗa su a Berlin ranar 27 ga Janairu, 2015, shekara 70 cif da 'yantar da Auschwitz.