Amsa ga ɗan'uwan da ke shirin gudun yada-ƙanin-wani na Legas

Salam ɗan'uwa. Ka ce saura wata huɗu gudun Legas na watan Fabrairu, kullum da asuba kana cin kilomita 8 da iya ƙarfinka, amma lokacinka ya ƙi raguwa, ga ƙwauri ya fara ciwo. Kana tambaya me za ka ƙara.

Ba abin da za ka ƙara. Saurin za ka rage.

Ni ma haka na fara. Kusan shekara biyu ina zagaye filin sukuwa a nan Kano, duk wanda ya wuce ni sai na bi shi, in koma gida ina haki kamar an koro ni. A ganina ranar da ban jigata ba, ban yi atisaye ba. Wani dattijo da muke haɗuwa bayan sallar asuba ne ya ce in riƙa bin sawunsa. Gudun nasa kamar mai tsoron taka ƙwai. Muna tafe yana ba ni labarin tsadar taki, kuma sai na ba shi amsa. Ashe ma'aunin ke nan: in ba za ka iya faɗin magana cikakkiya kana gudu ba, saurinka ya yi yawa. Makon farko kunya ta ishe ni, har 'yan makaranta na wuce mu. Bayan wata uku na yi kilomita 15, na dawo na tafi kasuwa lafiya lau.

Daga baya na gane ba dabarar tsohon ba ce shi kaɗai. Stephen Seiler, masani Ba'amurke da ke aiki a Norway, ya bibiyi atisayen manyan 'yan gudu da 'yan tseren keke da na kwale-kwale, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yi. Eliud Kipchoge, ɗan gudun Kenya da ya yi kilomita 42.195, wato tsawon gudun yada-ƙanin-wani, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019, shi ma ba kullum yake tashin ƙura a Kaptagat, sansanin atisayensa a Kenya, ba. Gudun sannu shi ke ƙarfafa zuciya, ya yawaita ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya koya wa jiki ƙona kitse. Ƙashi da jijiya kuwa sun fi huhu jinkirin sabawa, abin da ƙwaurinka ke faɗa maka ke nan.

Da ni ne, kwana huɗu a mako ya isa. Rana ɗaya ta sauri, biyu na sannu, Lahadi kuma gudu mai nisa. Gudun na Lahadi fara shi da kilomita 12, ka riƙa ƙara 2 kowane mako, duk mako na huɗu ka ja da baya jiki ya huta. Ka kai 30 saura mako uku, daga nan ka yi ta ragewa. Ka nemi ƙasa ka ɗan bar kwalta. In kuwa ciwon a wuri ɗaya yake, ka danna ƙashin da yatsa ka ji zafi, ajiye takalmin ka ga likita, ƙila tsagewa ce.

Sai abin da ya kayar da ni a Legas. Mu a hunturu muke atisaye, gumi na fita iska na busar da shi. Can iskar a jiƙe take, gumin zama yake a jikinka. Na tashi daga Surulere, inda aka fara gudun, da saurin da na saba a gida, na haye gadar Third Mainland, kusan kilomita 12 babu inuwa, ina jin kaina. Wajen kilomita 30 ƙafafuna suka zama icce, sukarin da tsoka ke ajiyewa ya ƙare. Da tafiya na isa Eko Atlantic, inda aka kammala gudun, riga sharkaf, ina jan ƙafa.

Saboda haka ka fara da saurin da za ka ga kamar wasa kake. Kada ka wuce teburin ruwa ko ba ka jin ƙishi sosai, kurɓa kaɗan ka ci gaba. Ni dabino nake cusawa a aljihun wando, ina cin biyu duk bayan minti 40, amma ka gwada shi tun a gudun Lahadi, don wani cikin ba ya karɓa. Takalmin da ka yi atisaye da shi, da shi za ka shiga. Sabon ka bar shi a kwali sai ka dawo.